Awon Cin Jikata

Yekuwa, ranar kasuwa, watan Cika-ciki, 1976

Zuwa ga ɗana Laminu, a Arlit.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ƙarfin jiki, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwarka Mero da ta ƙi sakinta. Tana gaishe ka. Alhassan mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin rumfar mahauta ne ke rubuta mini, kuma na ja masa kunne, abin da bakina ya faɗa shi zai sa. Na san halin waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, ka ce baƙi su rubuta toka-toka.

Wata biyar ke nan da ka aiko da takardar sakin Barakatu. Ba ka shawarce ni ba. Ran da ka ce za ka aure ta na ce a'a, ka aura. Da na saba da furarta kuma sai ka sake ta. Ta koma rugar ubanta Hamma, can bayan rijiya, da 'yarka Nafi, wadda ta cika shekara huɗu da kakar nan, in ka manta. Tun ranar ko dala ɗaya ba mu gani daga gare ka ba.

Ka san abin da ke tsakanina da Hamma. Shekara ashirin da biyu ke nan da shanunsa suka faɗa gonar wakena saura kwana uku roro, suka lashe ta har ƙasa. Abin da na samu ƙwaryar nono guda ce da sannu. Har yau ina jiran sauran.

To wannan mutumin ne ya sa aka kira ni ƙofar mai gari ranar Juma'a, a gaban Malam Goni liman. Ya ce cin yarinya da shanta da tufarta a kan uba suke, uban kuma ba ya nan, kuma tun da ba ka fita daga gandu ba, rumbuna ne rumbunka. Malam Goni ya ce haka yake a littafi: yarinya tana hannun uwarta har ta yi wayo, ɗawainiyarta tana wuyan gidan ubanta. Ni ban musa wannan ba. Ban taɓa gudun jinina ba. Abin da na musa shi ne yawan abin.

Wai tiya biyu ta gero duk kasuwa, wato duk kwana bakwai! Yarinyar da hannunta bai fi karan dawa ba. Na ce rabin tiya ya ishe ta har ta yi wa kaji sadaka. Ya ce ko na ɗauka ɗan tsako aka haifa mini. Na ce shi kuma ko ya ɗauka ɗaya ce daga cikin shanunsa, waɗanda ba su san iyakar kayan mutane ba. Jama'a suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Kai ba ka nan, ba ka ga abin da ɓeraye suka yi wa shukar bana ba. Sau uku muna shuka suna tonewa. Dami arba'in da ɗaya ne a rumbu, a ciki za mu ci har damina, a ciki za mu fid da iri. Waken kuma ganye ya yi, bai yi 'ya'ya ba. Abin da na dogara da shi harawarsa ce, dami ɗari da ashirin da na jibge a kan rumfa, ina jiran bazara ta yi tsada in sayar, in biya lanho, harajin gwamnati, in ƙaro hatsi. Duk na faɗi wannan a gaban mutane.

Sai Hamma ya ce shi ba don kwaɗayi ya zo ba. Cikin shanu talatin fari ya bar masa uku, ciyawa kuma babu. In ba a tsayar da magana ba kafin watan nan ya mutu, zai kora su kudu, ya ƙetare iyaka, can bayan Babura, kuma Barakatu da Nafi ba za su zauna a kufai su kaɗai ba, da su zai tafi. Laminu, wannan maganar ta dake ni a ƙirji. Ban bari ya gani ba. Na gyara hulata na ce hanya a buɗe take.

Malam Goni ya ce tun da ni da Hamma ba wanda ya taɓa dafa wa yaro abinci, dukanmu cikin duhu muke ciniki. Ga abin da ya yanke. Za a auna gero tiya uku da tiyar kasuwa, ba tawa ba, ba ta Hamma ba, a zuba a sabon tulu. Nafi ta zo gidana kwana bakwai, uwarka ta riƙa yi mata abinci daga tulun nan kaɗai. Ranar Juma'a ta sama a auna abin da ya rage a gaban kowa. Abin da ya tafi shi ne cinta, shi zan riƙa bayarwa, ba ƙari ba ragi. Muka yarda, aka yi fatiha.

Wannan Juma'ar za a kawo ta. Zan nuna wa Hamma ba a yi mini wayo sau biyu. Kai kuma in akwai sauran kunya a idonka, ka aiko da abin da ya samu.

Ka gai da mutanen garinmu da ke can. Allah ya tsare.

Ni ne ubanka,
Ɗan Azumi.

*

Yekuwa, ranar kasuwa ta biyu

Zuwa ga ɗana Laminu.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyi? Uwarka tana gaishe ka, gwiwar ta ƙaru saboda daka, amma ba ta yarda ta huta ba. Na san takardar farkon ba ta kai hannunka ba tukuna. Ba amsa nake jira ba. Cikina ne ya cika, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan bai kai wa Hamma ba.

Barakatu ce ta kawo yarinyar da kanta. Ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe ni kamar yadda ta saba, Baba an wuni lafiya, amma ba ta shiga ba. Na lura kunnuwanta babu komai. Daga baya uwarka ta gaya mini 'yan kunnen da kwanonin jerenta duk sun tafi kasuwa tun lokacin da ƙyanda ta kama Nafi bayan Sallah ƙarama. Ni ban ma san ta yi ƙyanda ba. Ba wanda ya aiko ya gaya mini, ni kuma ban aika na tambaya ba.

Yarinyar nan taka bakinta ya fi jikinta. Tana ganina ta ce wannan ne mijin nata, ai ya tsufa, gemunsa irin na bunsuru, ita ta fasa. Na ce ni ma ba na son amarya mai majina. Ta juya mini ƙeya har la'asar.

Ranar farko aka yi mata tuwo, ta taɓa sau biyu ta ture. Aka dama mata fura da ruwa, ta leƙa ƙoƙon ta ce wannan ba fura ba ce, ina nonon? Na ce a gidan nan haka muke sha. Ta ƙi, ba kuka ba komai, ta haɗe baki ta zauna tana kallona. Uwarka ta ce ba sai an tambaya daga ina ta gado wannan ba. A raina na ce madalla, geron tulu yana nan.

Da gari ya waye na fito, sai ga ƙaramar ƙwarya a kan turmin da ke bakin zaure, an rufe da faifai. Nono ne. Kullum haka, kafin in fito an ajiye an tafi. Uwarka ta ce na saniyar Hamma ne, guda ɗayar da ke da maraƙi, kuma abin da ake tatsa bai wuce wannan ƙwaryar ba. Na ce a mayar, zai ɓata mana awo. Ta ce in na mayar, sai in tatsi gemun nawa in ba ta. Na bar shi. Da nonon, yarinyar ta sha furarta har tana lashe ludayi.

Sai uwarka ta fito da nata rikicin. Ta samo wata fasasshiyar ƙwarya ta ajiye a bakin murhu. Duk abin da aka yi wa Nafi da shi wanda bai fito daga tulu ba, sai ta jefa tsakuwa. Gishiri, tsakuwa. Kuka da daddawa, tsakuwa. Ɗigon man gyaɗa, sabulun wankinta, itacen da aka ɗora mata ruwan wanka, duk tsakuwa. Har dakan da take yi sai ta jefa masa, wai Barakatu da ke wannan dakan kullum ba turmi ba ce da za ta yi aiki a banza. Na ce mata wannan ba ya cikin abin da aka yi fatiha a kai. Ta ce ita ba a kira ta wurin fatihar ba.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe yarinyar. Na ɗora ta a jaki na riƙe ta da hannu ɗaya, muka tafi wurin likita. Laminu, da na ɗaga ta sai na ji kamar damin kara na ɗauka. Rigar da ke jikinta tsohon ɗankwalin uwarta ne aka ɗinke. Aka ba mu ƙwayar nibakin ta zazzaɓi, dala goma sha biyu suka tafi, igiyar sayarwa da zan tuƙa ranar ma ban taɓa ta ba. A hanyar dawowa jikin ya ɗan yi sanyi, ta jingina da ni, ta tambaye ni ko babanta ma yana da jaki. Na ce yana da abin da ya fi jaki, mota yake hawa. Ta ce to me ya hana shi zuwa, ko motar ce ba ta san hanyar rugarsu ba? Ni da ba a taɓa rufe mini baki a ƙofar mai gari ba, sai na ce wa jakin ya yi sauri.

Da muka iso na tsinci tsakuwa da kaina na jefa a ƙwaryar, ta magani, ta riga, da wata guda. Uwarka tana kallona, ta yi kamar ba ta gani ba. Allah ya saka mata.

Jiya na bi ta bayan rijiya, ba don komai ba, hanyar ce ta bi da ni. Na ga saniyar. Kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Hamma kuma yana can saman gawo da gatari yana sassaro mata ganye, mutumin da ya girme ni da shekara biyu, ƙafafunsa suna rawa a kan reshe. Ban gaishe shi ba. Na dai tsaya a bayan geza har ya sauko lafiya.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na leƙa tulun, na kuma san awo da ido. Ba za ta ci fiye da tiya ɗaya ba. Hamma ya ce biyu, gaskiya kuma ɗaya ce. Jibi zan kayar da shi a gaban mutanen da suka ga an cuce ni suka yi shiru. Shekara ashirin da biyu ina jiran rana irin wannan. Amma in na karɓi tiya ɗaya na yi shiru, ba za ta riƙe su ba. Saniyar za ta ƙafe, su tafi, kuma ban san ko ina da sauran kwanan da zan ga dawowarsu ba.

Ban ce na yi kuskure ba. Alhassan, kada ka rubuta na ce na yi kuskure. Na ce dai ba ni da sukuni.

Ka yi mana addu'a. Nafi tana gaishe ka, ko da yake ni na ce ta gaishe ka.

Ubanka,
Ɗan Azumi.

*

Yekuwa, ranar kasuwa, watan Safar

Zuwa ga ɗana Laminu.

Bayan sallama da tambayar lafiyarka, ina shaida maka takardarka ta iso, da manda, takardar kuɗi ta gidan waya, ta dala ɗari biyu. Na je Magarya na karɓa, na zuba a lanho. Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Uwarka ta ji daɗi har ta sa aka karanta mata sau biyu.

Amma shawarar da ka bayar, wai in ƙwace yarinyar in bar ta wurin uwarka don magana ta mutu, ka riƙe abarka. Kai da ba ka san tana shan fura da ruwa ko ba ta sha ba. Uwarka kwana bakwai kaɗai ta yi mata daka, sai da ta kwanta kwana biyar. Kuma Barakatu me ta yi da za a raba ta da 'yarta? Ka raba ta da ɗakinta, bai isa ba?

Ga yadda aka ƙare, ka sa a karanta maka a hankali.

Ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci aka taru, har waɗanda ba a kira ba. Malam Goni ya juye tulun a kan tabarma, aka auna. Tiya biyu suka rage, ban da abin da bai cika tafin hannu ba. Na miƙe na tambayi Hamma nawa yarinyar ta ci. Ya ce ɗaya. Na ce kunnena ya yi nauyi, ya sake faɗa. Ya ce ɗaya. Na ce mutanen baya ba su ji ba. Ya faɗa sau na uku, kansa a ƙasa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Sai dai daɗin bai kai yadda na zata ba, kuma bai daɗe ba.

Hamma ya ɗauki sandarsa ya ce ya yarda da hukunci, Litinin za su tashi. Na ce ya zauna, Bafillace ba ya tashi ana magana sai in shanunsa ne suka shiga gonar wani. Ya zauna. Na zaro ƙwaryar uwarka daga ƙarƙashin riga na zazzage a gaban liman. Tsakuwa sittin da uku. Na ce wannan ma cin yarinyar ne, kuma ni ba na karɓar nasara da rabin awo. Na riƙa ɗaga su ina faɗin na mene ne, wannan gishiri, wannan sabulu, wannan itace, wannan gwiwar Mero. Mai gari ya ce shi dai yau ya ga wanda ya ci shari'a kuma ya ɗaukaka ƙara a kan kansa.

Malam Goni ya sa aka kira Barakatu, ta tsaya daga bayan danga, aka riƙa tambayarta abin da kowane abu ke ci mata daga kasuwa zuwa kasuwa. Tana faɗa tana ragewa, don kunya. Uwarka tana gefenta tana ƙarawa. Da haka aka tsayar. Duk kasuwa, tiya ɗaya ta cikin Nafi. Tiya ɗaya kuma uwarta ta musanya da gishiri da mai da sabulu. Tufa a Sallah biyu. Magani duk ran da ciwo ya zo, a kanmu, kuma a aiko a gaya mini ko ina gona ne. Gayaunarka da ke gabas da tsamiya ni zan nome ta, abin da ta bayar na Nafi ne, a ajiye shi daban don shekara irin ta bana. In hatsi ya yi araha ko ya yi tsada, a sake zama bayan kowace kaka. Ka ga an dawo kan tiya biyun Hamma har da ƙari. Amma da bakina aka dawo, ba da nasa ba, ka riƙe wannan.

Saura tsakuwa shida farare da na ware, na nonon safiya shida. Na ce wannan fa? Hamma ya ce shi ba ya sayar wa jininsa nono. Na ce ni ma ba saye na zo ba, amma saniyar da ke ciyar da jikata ba za ta ci ganyen da tsoho ke hawa itace ya saro ba, wata rana ya faɗo a ce ni ne sanadi. Harawar da ke kan rumfata, dami ɗari da ashirin, dami ɗaya kullum har ruwa ya sauka, tata ce. Da sharaɗi ɗaya, ba inda za su je.

Hamma ya ɗaga kai ya dube ni. Ya san abin da harawar nan take a wurina. Sai wani daga baya ya ce ashe shanun Hamma za su sake cin waken Ɗan Azumi. Aka fashe da dariya. Na ce wancan na farkon yana nan, ban yafe ba. Hamma ya goge ido da bakin rawaninsa, wai ƙaiƙayi ne, ya ce in jefa masa tsakuwa a ƙwaryar. Aka yi fatiha.

Yanzu duk safiya ina ɗora dami a jaki in kai ruga. Nafi ce ke kwance igiyar, ta ce saniyar ba ta cin na hannuna saboda gemuna. Nonon ya ƙaru, har ana ragowa a aiko wa uwarka. Hamma yana shimfiɗa mini buzu a gindin gawo. Kwana goma ina tsaye ina ƙin zama. Shekaranjiya na zauna, don ƙafata ce ta yi ciwo.

Yadda za mu kai damina ba tare da kuɗin harawar ba, ban sani ba. Na rage namu tuwon, na ƙara tuƙa igiya. Kai ma ka san abin da ke kanka yanzu, ba sai na roƙe ka ba. Duk wata ka aiko, da sunan Nafi, ba da sunana ba.

Abu ɗaya ya rage. Da aka gama rabon tsakuwa, kowace ta sami abin da za a biya ta da shi, sai guda ɗaya ta saura a kan tabarma. Malam Goni ya tambaye ni ta mece ce. Na ce ta ranar da yarinyar ta tambaye ni me ya hana babanta zuwa. Ya juya ta a hannu ya ce wannan ba ta shiga tiya, ba ta kuma kan kaka. Ya miƙo mini ya ce in kai wa mai ita.

Ita ce ka ji tana motsi a cikin ambulan ɗin nan. Kada ka aiko da manda a kanta. Ka kawo ta da hannunka.

Uwarka tana gaishe ka. Allah ya tsare hanya.

Ni ne ubanka,
Ɗan Azumi.